Taken Babana a Ƙasar Jamus

Mutumin farko da ya yi mini magana a Jamus bai amsa gaisuwata ba. Jami'i ne a filin jirgi. Ya karɓi fasfona da yatsu biyu, ya dubi hoton, ya dube ni, sannan ya tambaye ni da Turanci abin da ya kawo ni ƙasarsu. Na ce kiɗa. Ya ce ina kayan kiɗan? Na nuna masa jakar da ke bayana. Nan take aka zare ni daga layi aka kai ni wani ɗaki, aka ce in buɗe in nuna.

Na fito da kwamfutata da farantina. Farantin nan shi ne gonata: baƙi ne mai faɗi, an jera masa maɓallan roba masu haske kamar kiret ɗin ƙwai. Abin da ke kansa shi ne abin da ke allon kwamfuta, wato ƙananan akwatuna a jere, kowanne da guntun sautin da ka zuba masa. Layin da ya sauko daga sama na kayan kiɗa ɗaya ne, wannan na ganga, wancan na kalangu, na gaba na murya. Layin da ya ratsa a kwance kuma zango ɗaya ne na waƙa, in ka taɓa maɓallinsa na gefe duk akwatunan cikinsa su tashi tare. Na danna akwati ɗaya, ganga ta kama. Na danna na biyu, sai ya tsaya yana ƙifta haske bai ce uffan ba.

"Ya lalace," in ji jami'in, har da ɗan murmushin mugunta.

"Yallaɓai, jira yake yi. Ba ya faɗawa cikin maganar wani, sai kan kiɗa ya zagayo sannan ya shiga."

Kafin in rufe baki kalangu ya shigo daidai wurinsa. Na ɗaga kai ina jiran ko da gyaɗa kai ne. Ya ce in kashe, nan ba kasuwa ba ce. Na danna layin kwance da babu komai a cikinsa, don akwati fanko aikinsa ke nan, ya sa shiru. Shi ma shirun sai da ya jira kan kiɗa kafin ya sauka, jami'in kuwa yana ta hararata kamar da gangan nake ja masa rai. Ya buga hatimi ya turo mini fasfon da bayan hannu.

Sunana Habibu, ɗan Garba mahauci, haifaffen Tudun Wada a Minna. Ban gaji wuƙa ba, kunne Allah ya ba ni. Situdiyona shago ɗaya ne tsakanin tela da mai cajin waya, kuma babu wanda ba na yi wa aiki: masu waƙar biki, mawaƙan coci daga Maitumbi, masu bege, har da mai maganin basir da ke son a sa masa ganga a ƙarƙashin talla. Wanda ya kawo ni Jamus Yaya Sabo ne, ɗan layinmu, wanda ya bar gida tun ina firamare. Shi ya ga bidiyona ina wasa da faranti, ya nuna wa wani Bature mai ƙungiyar kiɗa, Matiyas, Baturen ya ce irin sautin da yake nema ke nan don zagayen wasanninsa na lokacin zafi. Aka turo takardu, na sa hannu inda aka nuna mini.

Da na hango Yaya Sabo a ƙofar fita sai na ɗaga hannu na kwaɗa masa kira irin na gida. Ya ƙaraso da sauri yana waige-waige.

"Kai, rage murya. Nan ba bakin masallacin layinmu ba ne. Kuma ka ji da kyau, a gaban mutane sunana Sam. Kar ka ce mini Yaya, kar ka yi mini Hausa, ɗauka suke zaginsu ake yi."

Bai tambayi Inna ba, bai tambayi kowa ba. A cikin jirgin ƙasa ya miƙo hannu ya ce in ba shi fasfona, wai irinmu sababbin zuwa zubar da abu muke yi. Tikitin komawa ma a wayarsa yake. Na ba shi, don babba ne, kuma mahaifiyarsa da tawa a gidan biki ɗaya suke zama.

Ɗakin da aka ce an tanadar mini ashe ɗakin ajiyar kaya ne a bayan situdiyon Matiyas. Aka ture lasifikoki gefe aka shimfiɗa katifa tsakanin igiyoyin wuta. Taga ɗaya ce, kuma ranar ƙasar nan ba ta san lokacin tafiya gida ba, sai ka gaji da jiran magariba har ka fara zargin agogo. Burodinsu in ka jefi kare da shi sai an biya diyya. A saman bene akwai wata tsohuwa da ke dukan bututun ruwa da wani ƙarfe duk lokacin da na kira Inna a waya, don haka na koyi gaishe da uwata da raɗa kamar ɓarawo. Kewar gida ta kama ni tun ban warware jaka ba, har ƙarar janareton tela maƙwabcina sai da na yi marmari.

Washegari Matiyas ya zo. Dogo ne, mai fara'a a baki, idonsa kuwa kullum yana kan agogo. Ya ce wasan daga kwamfutarsa zai riƙa tashi, ni zan tsaya da faranti a gefe, saboda haka in juye masa aikina. Na juye masa fayil ɗin gaba ɗaya. Mu a Minna, saboda wutar da ke zuwa ta tafi ba sallama, ba ma rarraba aiki. Wuri ɗaya muke tara komai, ka buɗe sau ɗaya ka yi abin da za ka yi kafin a ɗauke. Abin da ba na kasuwa ba sai ka gangara da shi can ƙasa, ka bar layuka fanko a tsakani. Duk ɗan situdiyo ya san ƙasan nan kamar ƙarƙashin gadon mutum ne, ba a leƙawa ko da kai aka bar wa shago.

A can ƙasan nawa akwati ɗaya ne tak, na shafa masa baƙin launi. Taken babana ne a ciki.

Mahauta da kalangu tare suke tafiya, kuma duk mahaucin da ya isa yana da takensa, wato ɗan kiɗan da ke kiran sunansa shi kaɗai. Mai kaɗa wa babana tun suna samari Baba Ɗanjuma ne, mutumin Kagara. In ya matse kalangu a hammata, kowa a layin mahauta ya san abin da fatar ke cewa: Garba, Garba, fito rana ta yi. Duk abin da babana ke yi zai ajiye wuƙa, ya miƙe, ya ɗaga hannun dama ya ce, "Ga ni! Wuƙa ba ta kwana da tsatsa!" Bayan rasuwarsa, Baba Ɗanjuma, wanda ya dawo Maitumbi wurin 'yarsa tun da hanyar Kagara ta daina kwanciya, ya zo situdiyona na ɗauki wasu kaɗe-kaɗensa. Da muka gama na roƙe shi taken. Ya ƙi. Na yi ta magiya har ya gaji, ya kaɗa shi sau ɗaya. Da ya kai ƙarshe shagon ya yi tsit, babu mai amsawa, mu biyu muka kasa duban juna.

"Habibu," ya ce yana share fuska da hula, "ajiya na ba ka, ba kaya ba. Take kira ne. Kar ka bari a yi rawa a kansa, kar a yi ta nanata shi kamar ana kiran akuya. Sau ɗaya ake kiran namiji."

Na ce na ji, na kuma ɗauka. Kowane akwati a allon nan kana iya sa shi ya yi ta zagayawa ba iyaka, ko ka sa shi ya faɗi nasa sau ɗaya ya yi shiru. Na Baba a kan sau ɗaya na bar shi, kuma tun ranar ban taɓa danna shi ba.

Muka shiga gwaji. Matiyas ba ya zagi, amma gara mai zagi. Zai saurari kalangu ya yamutsa fuska ya ce makaɗanmu ba sa bin lokaci, sai ya kama bugun ɗaya bayan ɗaya yana ja da linzamin kwamfuta har kowanne ya hau kan zare. Kalangun da ke tafiya da yanga ya koma tafiyar soja. Ya goge sunayen da na ba layukana ya sa nasa. Mai kaɗa bas, jitar nan mai kaurin murya, da mai ƙaramar jita ba su taɓa tambayar sunana ba, "abokin Sam" suke ce mini. In na buɗe baki sai Yaya Sabo ya taka mini ƙafa. Na haɗiye duka, na ce baƙon da ya zo cin arziki ba ya zaɓen kwano.

Wata safiya ina alwala a bayan situdiyo sai na ji an kira babana. Garba, Garba, fito rana ta yi. Butar ta kuɓuce daga hannuna. Kafin in miƙe aka sake kira, aka sake, aka sake, ga wani bas mai nauyi a ƙarƙashi yana duka kamar ana sussuka. Na faɗa ɗakin da ruwa a fuskata. Matiyas na gaban allo yana rausaya kai. Ya gangara har ƙasa, ya tsinci baƙin akwatin, ya ɗauko shi ya sa a layin ƙarshe na wasan, ya kunna masa zagaye.

"Wannan zinariya ce!" in ji shi. "Me ya sa ka ɓoye ta? Da ita za mu rufe kowane wasa."

Na ce ya kashe. Ya ɗauka wasa nake. Na miƙa hannu na danna akwati fanko da kaina, na tsaya ina jin ana ƙarasa kiran ubana kafin shirun ya sauka. Na yi masa bayani da iyakar Turancina, cewa wannan sunan mutum ne, mutumin ya rasu, kuma na yi alkawari. Ya saurara da natsuwa, har ya dafa ƙirji ya ce labarin ya taɓa shi, za a rubuta shi a takardar wasa don jama'a su sani. Na ce ba labari nake sayar masa ba, cewa nake a cire. Fara'ar ta bar bakinsa. Ya ce duk sautin da ke cikin fayil ɗin da na kawo yana cikin abin da na sa wa hannu.

Na ja Yaya Sabo waje, na yi masa Hausar da ya hana.

"Yaya, kai fa ka san wannan taken. Kana yaro kana tsaye a layin mahauta ana kaɗa shi. Sau nawa Baba ya yanko maka tsoka ya ce kai wa Goggo, mahaifiyarka?"

"To sai me? Malam Garba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Mamaci yana jin lasifika ne?"

"Ni ina ji. Inna ma za ta ji, don a waya za a watsa shi. Za ta ga Turawa da kwalabe a hannu suna tsalle a kan sunan mijinta."

"Kai dai baƙauye ne wallahi. Mutane na neman hanyar da sunan ubansu zai shiga duniya, kai an kawo maka har gida kana kuka. Bari in gaya maka, ni na tsaya maka a wurin mutumin nan. In ka watsa mini ƙasa a ido, ka nemi hanyar Minna da ƙafa."

Ya shafa aljihun da fasfona ke ciki, ya koma ciki. Ban taɓa tsanar mutum irin yadda na tsane shi a wannan tsayuwar ba. Shi Matiyas bai sani ba, ko an gaya masa ba zai ji a jikinsa ba. Sabo kuwa ya sani.

Da aka fita cin abinci na goge akwatin daga kwamfutar Matiyas. Ko a jikinsa, yana da kwafi a wani wuri, ya mayar. Sai dai daga ranar ya canza mini zama. Faranti ba ya nuna allon duka, yanki yake nunawa, kana matsawa sama ko ƙasa da wasu maɓallai masu kibiya. Matiyas ya tsayar da nawa a kan layukan sama, ya kawo baƙin salatif ya manne kibiyoyin a gaban kowa. Mai jita ya yi dariya. Ni da na koya wa rabin yaran situdiyon Tudun Wada wannan aikin, ga ni an ɗaure mini yatsa kamar yaro mai tsotso.

Akwai saƙon da na taho da shi daga gida ban kai ba. Shugaban mawaƙan wani coci a Maitumbi ya ba ni ƙullin daddawa da kuka in kai wa yayarsa, Mama Laraba, wadda ke aikin kula da tsofaffi a garin. Ranar da babu gwaji na ɗauki ƙullin na fita. Na ɓata a tashar jirgin ƙasa, na tambayi mutane hanya suna wucewa kamar bango ne ya yi magana, wani ma ya ja jakarsa ya rungume. Da ƙyar na sami gidan. Tana buɗe ƙofa ta shaƙi ƙullin kafin ta dube ni.

"Kai! Daddawan gida! Shigo, dana, shigo. Wane ne ya bar ka ka rame haka?"

Hausarta irin ta Minna ce sak, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, ba ruwanta da lanƙwasa harshe. Ina jin ta sai na ji kamar na sauka daga keke a bakin kasuwa. Ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka, na ci har na ji kunya. Da ta tambayi gidanmu na faɗa, sai ta ajiye ludayi.

"Garba mai nama? Wanda yana daga hannu in an buga masa ganga? Mamana wurinsa ne yana sayen nama. Ko kudi bai cika ba sai ya kara mana kashi, ya ce a yi wa yara romo."

Nan na fashe da kuka a kan tuwon mutane, na gaya mata komai. Ba ta ce in yi haƙuri ba, shi ya sa na ƙara ganin girmanta. Ta ce su ma a ƙauyensu akwai gangar da ba a taɓawa sai an yi mutuwa, wanda ya buga ta a biki sai dattawa sun zauna a kansa. Ta ce ba ta san kan kwamfuta ba, ba ta da abin da za ta koya mini, amma ranar wasan za ta zo ta tsaya inda zan gan ta.

Wasan farko a wani babban lambu aka yi shi, da rana tsaka. Jama'a sun cika ciyawa, wasu a kwance, wasu da kofunan giya, wayoyi a sama. Aka tsayar da ni gefen dama da riga mai zane wadda Sabo ya kawo, wai ta fi kama da Afirka a kan kaftanina. Na hango Mama Laraba a gaba da ɗaurin ɗankwalinta, ta riƙe jaka a ƙirji. Muka fara. Yatsuna suna aiki, akwatuna suna ƙiftawa suna shiga, amma hankalina na kan abu ɗaya. A ƙarƙashin layin ƙarshe, inda taken yake, akwai layi fanko. In na ɓare salatif na gangara na danna maɓallinsa na gefe, komai zai mutu. Niyyata in yi haka kafin a kira Baba ko sau ɗaya, abin da zai biyo baya kuwa Allah ya sani.

Da muka kusa ƙarshe na sa farce a bakin salatif. Rana ta narkar da shi ya kama roba gam. Ina kankara, gumi na shiga idona, sai Matiyas ya ga jama'a sun ɗauki zafi, ya tsallake zango ɗaya ya danna layin ƙarshe tun lokacinsa bai yi ba. Salatif ya ɓare a daidai lokacin da kalangun ya buɗe baki.

Garba, Garba.

Na gangara, na danna layin fanko. Ya kama ƙifta haske. Ba ya faɗawa cikin maganar wani. Na tsaya da yatsa a kan maɓalli, ba abin da zan iya, lasifikoki masu tsayin ɗaki suna kiran ubana a ƙasar da ba ta taɓa jin sunansa ba. Fito rana ta yi. Taken ya kai ƙarshensa, kan kiɗa ya zagayo, komai ya ɗauke ɗif. Bas, ganga, kalangu, duka. Mai jita ya yi wani ɗan ƙara ya tsaya.

Shirun nan na san shi. Shi ne wanda ya cika shagona ranar da Baba Ɗanjuma ya kaɗa. An yi kira sau ɗaya, cikakke, kuma ana jira. Ban shirya ba, ban yi tunani ba. Na ga dai na zagayo gaban tebur, hannuna na dama a sama, babu makirfo, na buɗe murya irin wadda aka hana ni tun daga filin jirgi.

"Ga ni! Wuƙa ba ta kwana da tsatsa!"

Daga gaba Mama Laraba ta rangaɗa guɗa. Sai lambun ya ɓarke da tafi da ihu. Sun ɗauka cikin wasan ne.

A bayan dandali Matiyas ya iso fuskarsa ja, na gyara tsayuwa ina jiran faɗa. Sai ya tsaya yana sauraron tafin da bai ƙare ba, na ga lissafi na sauya masa fuska. Ya kama kafaɗuna.

"Ka ji su? Wannan ya fi abin da na shirya! Haka za mu riƙa yi. Kiɗan ya shigo, ka kashe, ka fito ka yi ihun nan. Kowane gari, daidai wurin."

Yaya Sabo na gefe yana washe baki, har ya manta ya yi mini Hausa a gaban mutane. "Ka ga arziki, ƙanena? Ka ga abin da nake gaya maka?"

Wato ni ma a zuba ni a akwati a kunna mini zagaye. Na ture hannun Matiyas, na cire rigar zanen na ajiye masa a kan lasifika, na ce na gama. Na juya wurin Sabo na ce ya ba ni fasfona da tikitina. Ya ce in je in kai ƙara. Bai san Mama Laraba ta ratso masu gadi ta tsaya a bayansa ba.

"Kai ne Sabo? Dan Tudun Wada? Ba ka ji kunya ba? Ba shi takardansa yanzu-yanzu. In ba haka ba ga 'yan sanda can a bakin kofa, ni na iya yarensu. In na gama da su kuma zan sa a nemo mini mamanka a Minna, ya ji abin da dansa yana yi a Turai."

Ban san wanne ya fi tsorata shi ba, amma nan take ya zaro fasfon, ya tura mini tikitin a wayata. Matiyas ya bi ni har inda nake naɗe igiyar farantina, muryarsa a sanyaye. Ya ce in tafi in ina so, amma sautin yana wurinsa, kuma zai yi amfani da shi da ni ko ba ni. Gaskiya ya faɗa. A falon Mama Laraba na ƙarasa kwanakina har ranar tashi, ban sake ganin ko ɗayansu ba.

Na sauka Minna da jakar da na tafi da ita. Mai cajin waya ya leƙo ya ce, "Ah, Bature, har an gama Turan?" Na ce an gama. Inna ba ta tambaye ni tsaraba ba, ta dai dube ni ta ce in ci abinci. Abin da ya hana ni sakewa shi ne Baba Ɗanjuma. Ajiya ya ba ni, ga ta can a hannun wani, wataƙila a wannan lokacin ma ana ta nanata ta a wani lambun. Na yi ta ɗaga zuwan, daga baya na hau keke na tafi Maitumbi.

Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, kalangun na rataye a ƙusa. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai ban rage ba. Bai katse ni ba har na gama.

"A gabanka sau nawa aka kaɗa shi cikin taro?"

"Sau ɗaya, Baba."

"Aka amsa?"

"Na amsa."

"Da bakinka? A tsaye?"

"A tsaye, Baba. Amma yana wurinsu. Za su yi ta kaɗa shi, ba ni da yadda zan hana."

Ya murza gemu, sannan ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Yaro man kaza. Take na wanda ya amsa shi ne. Tun da Garba ya tafi babu wanda ya ɗaga hannu, shi ya sa na ce a ajiye. Yanzu an amsa a gaban jama'a. Garba ya huta, babu mai tashinsa. In sun kaɗa, kai suke kira. Kai kuwa da ranka, in ka ga dama ka ƙi zuwa."

Ya ce in miƙo masa kalangun. Na ciro shi daga ƙusa na ba shi da hannu biyu. Ya busa ƙurar da ke kan fatar, ya matse shi a hammata, ya gwada igiyoyin, ya dube ni ido cikin ido. Bai kai rabin taken ba na miƙe tsaye.